WA KE BIYAN KUƊIN ARAHA? Tsokaci a Kan Takardar Rangwame da Ƙaramin Ɗan Kasuwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya kasuwa ta zama hanyar da bayinSa ke cin abinci daga hannun juna. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda ya yi fatauci da amana tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ƴan'uwa musulmi, babu kalmar da ta fi "araha" daɗi a kunnen mai saye. Duk wanda ya tashi daga Safo ya nufi kasuwar Maraɗi ran Litinin ko ran Juma'a, fatansa shi ne ya komo gida yana cewa kasuwa ta yi sauƙi. Wannan ɗabi'ar ɗan Adam ce, kuma babu laifi a cikinta. Sai dai akwai tambaya guda wadda mai saye ba kasafai yake yi wa kansa ba, ita ce: wannan sauƙi da na samu, daga aljihun wa ya fito? Domin kuwa ragi ba ruwan sama ba ne. Duk dala ɗaya da aka rage wa wani, akwai wanda ya ɗauki nauyinta.

A zamaninmu araha ta samu masu shela. Kamfanonin waya suna aiko da saƙon garaɓasa dare da rana, matasa masu shago suna tallar ragi a WhatsApp da Facebook, ana cewa sayi biyu a ba ka na uku, ko kuwa yau kaɗai rabin kuɗi. Wannan al'ada tana da uwa a ƙasashen waje, ita ce takardar rangwame ta rana guda. Ya kamata mu san siffarta, domin wanda ya san uwa ba ya ruɗuwa da ƴaƴanta.

SIFFAR MAS'ALAR

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2008 aka buɗe wani kamfani mai suna Groupon a birnin Shikago na Amurka, a ƙarƙashin wani matashi, Andrew Mason. Aikin kamfanin dillanci ne. Yakan je wurin mai gidan abinci, ko mai aski, ko mai gyaran mota, ya ce masa: "Rage rabin kuɗin kayanka, ni kuwa in yi maka shela ga dubban mutane ta intanet." Mai saye ya biya kamfanin, a ba shi takarda mai lamba, ya tafi da ita shagon ya karɓi kaya. A wancan lokaci, daga cikin rabin nan da aka biya, kamfanin yakan riƙe kusan rabi a matsayin la'adarsa. Watau abin da ke isa hannun mai shago shi ne kwatankwacin rubu'in kuɗin kayansa na asali.

Hujjar da ake ba mai shago ita ce: asarar yau talla ce, waɗanda suka zo da takarda za su san ƙofarka, gobe su komo su biya cikakken kuɗi. Maganar ta shiga kunnen mutane ƙwarai, har ya zama a ƙarshen 2010 kamfanin Google ya taya Groupon a kan kuɗin da ya kai dalar Amurka biliyan 6, masu shi suka ce albarka. A Nijeriya ma an buɗe irinsa a Legas cikin 2011, mai suna DealDey, ya yi ƴan shekaru yana aiki, sa'an nan ya rufe. To, dillali ya ci kasuwarsa na wani lokaci. Saura mu ga rabon mai kaya.

HISABIN MAI GIDAN ABINCI

Bari mu buga misali da kuɗinmu. A ce wata baiwar Allah tana da ɗan gidan abinci, tana sayar da kwanon shinkafa da miya da nama a kan dala 200, watau jikka guda. Shinkafa da mai da nama da itace da ladan yarinyar da ke wanke-wanke suna cin dala 120 a kowane kwano. Ribarta dala 80 ke nan. Sai dillali ya zo da takardarsa, aka yi shelar kwano a dala 100. Ya riƙe dala 50, ya miƙa mata dala 50. To, a kowane kwano ribar dala 80 ta tafi, sa'an nan ta cire dala 70 daga uwar kuɗinta ta ɗora a kai.

Idan mutum 200 suka zo da takarda, faɗuwarta ta kai jikka 70. Kafin ta mayar da wannan kuɗi sai ta sayar da kwano 175 a cikakken farashi, ba ta taɓa ribarsu ba. Idan kuwa mutum ɗaya cikin biyar ne ya komo, watau mutum 40, to, sai kowannensu ya komo fiye da sau huɗu kafin ta tsaya inda take tun farko. Kuma ba mu sa lissafin tsofaffin abokan cinikinta ba, waɗanda da ma za su biya dala 200, amma da suka ji shela su ma suka sayi takarda. Kowane ɗayansu ya rage mata dala 150 ba tare da ya kawo mata baƙuwar fuska ba.

Yanzu mu sauya sana'a. A ce mai aski ne, yana karɓar dala 100, abin da askin ke ci masa na reza da sabulu bai wuce dala 10 ba, kuma da hantsi kujerarsa a wofi take. In aka yi masa irin wancan kasafi, dala 25 za ta iso hannunsa, ya fid da 10, ya tsira da 15 a lokacin da da ma zaune yake yana kallon hanya. Ashe takarda ɗaya ce, ta yanka mai abinci, ta ɗan taimaki mai aski. Bambancin yana wurin abin da kowane sabon mai saye ke ci daga jarin mai sana'a. Wanda ke sayar da lokacinsa da ya rage yana iya jurewa. Wanda ke sayar da kayan da ya saro da kuɗi, kowane kwano da ya fita a ƙasa da kuɗinsa tsoka ce aka yanka daga jikinsa.

ABIN DA AKA GANI INDA AKA GWADA

Wani malamin Jami'ar Rice ta Amurka, Utpal Dholakia, ya bincika ƙananan ƴan kasuwa 150 da suka yi mu'amala da Groupon a shekarar 2010. Kashi 66 cikin 100 suka ce sun ci riba, kashi 32 suka ce ba su ci ba, kuma fiye da kashi 40 suka ce ba za su sake ba. A 2011 ya faɗaɗa binciken zuwa ƴan kasuwa 324 da suka yi hulɗa da kamfanoni dabam-dabam. Waɗanda suka ci riba suka sauko zuwa kusan kashi 55, fiye da rubu'i suka faɗi, saura suka fita ba riba ba faɗuwa. Masu takardar da suka komo suka saya a cikakken kuɗi kuwa kusan ɗaya ne cikin biyar, shi ne adadin da muka yi aiki da shi a misalinmu.

A cikin 2011 ɗin nan, wata mai toya ƙananan kek a kusa da garin Reading na Ingila ta amince da ragin kashi 75 cikin 100, dozin da take sayarwa fam 26 ya koma fam 6 da rabi. Mutum 8,500 suka sayi takarda. Dole ta toya kek 102,000, ta ɗauki ƴan ƙodago na wucin gadi, ta tashi da faɗuwar da ta haura fam 12,000. Kayanta masu kyau ne, masu saye sun zo fiye da zato, kuma yawan nasu ne ya kayar da ita. Wannan shi ne abin lura: a cinikin da kowane kai faɗuwa ne, cikar kasuwa musiba ce.

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa fiye da rabin waɗanda aka tambaya sun ce sun amfana. Saboda haka ba za a ce takardar rangwame sharri ce tsantsa ba. Amma cinikin da mutum ɗaya cikin uku ko cikin huɗu ke fita da rauni, alhali dillali ya karɓi la'adarsa cif a kan kowa, ciniki ne da ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira.

TSAKANIN GYARA DA RANGWAME

Iyayenmu sun san sauƙaƙawa tun kafin a ƙago intanet. Mai awo ya cika tiya ya ƙara ɗan hannu. Mai ƙuli-ƙuli ta ƙirga na dala goma ta jefa guda a kai. Mai zogale daga Jiratawa ta ƙara damƙa ɗaya. Wannan shi muke kira gyara, kuma tana da siffofi uku. Na farko, daga cikin riba take fita, ba ta taɓa uwar kuɗi. Na biyu, hannun mai kaya ne ke auna ta, shi ya san iyakarta. Na uku, bayan ciniki ya faɗa ake yin ta, ga fuskar da aka sani ko ake fatan sani, saboda haka tana ƙulla zumunci.

Takardar rangwame ta juya waɗannan siffofi uku. Daga jari take fita, wani ne ke auna ta daga nesa, kuma tana zuwa gaban ciniki ta kira mutanen da araha ta kawo su. Wanda araha ta kawo, araha ce za ta ɗauke shi gobe zuwa wata ƙofa. Amanarsa tana wurin mai shela, mai shago kuwa masauki ne na yini guda.

Akwai kuma rangwame na gaskiya wanda muka sani a ƙasar nan, shi ne hatsin da hukuma ke sayarwa da rahusa ta hannun OPVN a lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. A nan an san wanda ya ɗauki nauyi, baitulmali ne, kuma an san dalili, ceton talaka ne. Kuskure ne mai tebur ya ɗora wa kansa aikin baitulmali da jarin da bai fi jikka hamsin ba.

Kuma jarin ɗan kasuwar kan iyaka ba a auna shi da takardun kuɗi, da kaya ake auna shi. Dattawa sun tuna Janairun 1994, ranar da aka karya darajar sefa da rabi. Matasa sun ga rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sun ga yadda kayan Jibiya da Katsina suka riƙa sauya farashi tsakanin kasuwa da kasuwa. Wanda ya sayar da katon goma da araha, ya koma sari kuɗinsa suka sayi bakwai, to, katon uku sun tafi ko da littafinsa ya nuna masa bai faɗi ba.

ABIN DA MAGABATA SUKA DUBA

Asalin sassauci a ciniki abin yabo ne. Ya tabbata cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali a wurin sayarwa da saye da biɗar bashi. Tare da haka, Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya iske Haɗibu ɗan Abi Balta'a (R.A.) yana sayar da busasshen inabi a kasuwar Madina, ya umarce shi ya ɗaga farashinsa ko ya tashi daga kasuwar. Daga nan wasu malaman mazhabarmu suka fahimci cewa wanda ya saɓa wa farashin jama'ar kasuwa ta yadda zai cutar da su, ana iya tsawata masa. Imamu Shafi'i kuwa ya ruwaito cewa daga baya Umar ya je gidan Haɗibu ya sanar da shi cewa maganar ba hukunci ba ce, alheri ya nufa ga mutanen gari, ya sayar yadda ya so. Ibnu Rushdi kakan, wanda babba ne a cikin Malikawa, shi ma yana ganin mai sauƙaƙa wa mutane godiya ya cancanta.

Wanda ya dubi maganganun biyu zai ga ba su yi nisa da juna ba. Duka suna tambayar abu guda: wa ragin ya amfana, wa ya cutar? In mutum ya rage daga ribarsa don Allah ko don jawo masu saye, dukiyarsa ce. In kuwa mai ƙarfi ya sayar a ƙasa da kuɗin sari da niyyar ya kashe ƙananan da ke gefensa, ya tsira shi kaɗai sa'an nan ya tsuga farashi, to, wannan cuta ce da aka sa wa rigar alheri.

Takardar da ke wakiltar abinci ma ba baƙuwa ba ce a fiƙihu. A cikin Muwaɗɗa ɗin dai an kawo cewa a zamanin Marwanu ɗan Hakam an raba wa mutane takardun karɓar abincin da ke Al-Jar, tashar jiragen ruwan Madina a bakin Bahar Maliya. Sai mutane suka shiga sayar wa juna takardun tun ba su karɓi abincin ba. Zaidu ɗan Sabit (R.A.) da wani sahabi suka shiga wurin Marwanu suka yi inkari, shi kuwa ya aika dogarai suka bi takardun suna mayar da su ga masu su. Darasin shi ne, wanda ya sayi takardar abinci kada ya sayar da ita ga wani kafin ya karɓi abin da ke cikinta.

Sa'an nan akwai mas'alar wa'adi. A binciken 2011 da muka ambata, kusan mai saye ɗaya cikin biyar bai taɓa zuwa karɓar abin da ya biya ba. In wa'adin takarda ya cika aka ce kuɗinsa sun ƙone, da wane haƙƙi aka ci su, alhali ba a ba shi komai ba? Ko a Amurka an kai ƙara a kan wannan, har Groupon ya yi sulhu a 2012 a kan dalar Amurka miliyan 8 da rabi. Abin da ya fi kusa da tsoron Allah shi ne, in wa'adi ya wuce ragin ya faɗi, amma kuɗin da mutum ya biya su zauna nasa.

HAƘƘI A KAN MUTUM UKU

Ya kai mai shago, jarinka ba naka ba ne kai kaɗai. Iyalinka suna da haƙƙi a cikinsa, haka uban gidan da ya ba ka kaya bashi. Ba ya halatta ka yi kyauta da abin da na wani ne. Kafin ka amsa wa mai shela, zauna da alƙalami ka san abin da kowane kai ke ci maka. Kada abin da zai iso hannunka ya gaza wannan. Yanka adadi, ka ce mutum talatin ko hamsin, in sun cika an rufe. Sanya ragin a lokacin da kasuwarka ke sanyi. Kuma kada ka rama faɗuwarka ta hanyar tauye mudu, ko rage nama, ko ɗaure wa mai takarda fuska. In ka yi alkawari ka cika shi ko da ya yi ɗaci. Haka nan, ɗaga farashi da dare don a wayi gari a ce an rage rabi algus ne, ko da kowa na yi.

Ya kai dillali, ko kamfani kake ko yaro mai waya da mabiya da yawa, la'ada halal ce in an san ta kuma an yarda. Amma dillalin da ya san mai kaya zai faɗi, ya ɓoye masa hisabin don kada la'ada ta kuɓuce, ya ci amanar nasiha. Dillalin kara a kasuwar dabbobi yana jin kunyar mai saniya domin za su haɗu mako mai zuwa. Nisan da waya ta sa tsakaninka da mai kaya ba ya ɗauke maka hisabi.

Ya kai mai saye, ba a hana ka neman sauƙi ba, kuma abin da ka saya da yardar mai shi halal ne gare ka. Amma akwai halal, akwai kuma ihsani. In ka ga maƙwabciyarka, wadda da wannan tukunya take ciyar da marayu, tana sayar da abin da kai kanka ka san bai mayar da kuɗinsa ba, to, kada ka aika ƴaƴanka biyar kowa da takarda. Faɗa mata gaskiya. In ka ci arahar wani kuma kayansa suka gamsar da kai, koma ka saya a cikakken kuɗi, domin da wannan fata ya yi maka ragin. Ka tuna ranar da babu ko dala a gidanka, mai teburin unguwa ne ke ba ka sukari da sabulu bashi har kaka. In araha ta rufe teburinsa, babu kamfanin da zai san sunanka balle ya jira ka sai an girbe gero.

RUFEWA

Amsar tambayarmu ke nan, ya ƴan'uwa. Takardar rangwame tana iya amfanar mai sana'ar da ƙarin mai saye ba ya ci masa jari, wanda ya yanka adadi, kuma kayansa suka isa su komo da mutum. Ga mai sayar da abin da ya saro, mai ƴar riba kaɗan, mafi yawanci hanyar faɗuwa ce. Mizanin kuwa guda ne a Shikago da Safo: a san wanda ke biyan kuɗin arahar, a tabbata ya san adadinta, ya yarda, kuma yana iya ɗauka. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, wanda ya zubar da na cikinsa don ya tara jama'a a bakin rijiyar ba zai iya jan guga ba.

Allah Ya sa albarka a cikin kasuwanninmu, Ya tsare mu daga cin dukiyar juna ba da haƙƙi ba, Ya rufa asirin masu ƙaramin jari, Ya ba mu wadatar zuci. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.